Tiyatar rage ƙiba: a shirya majinyaci, a shirya mutanen gida

Malam: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Tudun Wadan Zariya muke magana, in kun ji ƙarar janareta ku yi haƙuri, na maƙwabta ne. Ina tare da Anti, wadda ta daɗe tana aikin jinya a ɓangaren tiyata kafin ta yi ritaya, ga kuma Autarmu. Anti, ina gajiya?

Anti: Ba gajiya, Malam. Ya iyali?

Auta: Ni dai batun yau dariya yake ba ni. A garin da amare ke shan sha-ka-fashe don su ciko kafin biki, mu kuma mun zo maganar a yanke wa mutum tumbi don ya rame.

Anti: Ai hanya ɗaya ce, Auta. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyin akwai dexamethasone a ciki, mai kumbura fuska, ya jawo ciwon suga da hawan jini. Wadda ta sha yau tana iya zama wadda za a yi wa wannan bayanin nan da shekara goma.

Malam: Bari in faɗi abin da mutanen majalisarmu za su ce. Mutum ya rage loma, ya riƙa takawa daga Ƙofar Doka zuwa PZ da asuba. Me ya kai shi ga wuƙa?

Anti: Mai 'yar teɓa, wannan shawarar ta ishe shi. Ba shi muke nufi ba. Muna maganar wanda gwiwa ta ƙi, suga ya ƙi sauka duk da insulin, yana minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa cikin barci. Irin wannan in ya rage ci, jikin ne da kansa ke mayar da martani, ya ƙara masa yunwa, ya rage ƙona abinci. Shi ya sa za ka ga ya sauke kilo 10, bayan shekara ya ɗora 15, ana ta ce masa rago.

Auta: To ta yaya ake gane wanda ya kai?

Anti: Da awon BMI ake farawa, wato gwada nauyi da tsayi. Ki ninka tsayinki da kansa a mita, ki raba nauyinki da abin da ya fito. Mace mai tsayin mita 1.6 da nauyin kilo 105, awonta 41 ne. Daga 1991 ƙa'idar yin tiyatar ta kasance 40, ko 35 in akwai cuta tare. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta, suka ce daga 35 ma ya isa, kuma ana duba mai 30 in ciwon suga ya gagara. Amma lamba ba ta yanke hukunci ita kaɗai, sai likita ya duba mutum gaba ɗayansa.

Malam: Ta fuskar addini kuwa, malamai sun bambanta neman magani da neman ado. Wanda ƙiba ke neman halaka shi, magani yake nema. Yanzu Anti, me ake yankewa?

Anti: Iri biyu suka fi yawa. Akwai silib, inda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siriri kamar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa, don haka har kwaɗayin ma yana raguwa. Akwai kuma baifas, a ware ɗan aljihu a saman tumbi da bai fi cin babban cokali biyu ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Duka ba a farke ciki, 'yan huji huɗu ko biyar ake yi a shiga da kyamara. Mai fama da ƙwannafi sosai an fi ba shi baifas, don silib kan ƙara ƙwannafi. Kuma abin da aka cire a silib ya tafi ke nan, ba a mayarwa.

Auta: Wai! Kafin ranar fa? Ni da a ce ni ce, sai na yi bankwana da tsire da waina yadda ya kamata.

Anti: Da kin jawo a mayar da ke gida. Kamar mako biyu kafin aiki ake sa mutum abincin rage hanta. Hanta tana kwance ne a kan tumbi, dole likita ya ɗaga ta kafin ya ga inda zai yi aiki. Hantar mai ƙiba kuwa cike take da kitse, ga girma ga saurin zubar da jini. In aka janye tuwo da shinkafa da burodi da shayi mai suga, aka koma ƙwai da kifi da kaza da ganye da kindirmo marar suga, sai ta ja baya. Sai dai mai insulin kada ya fara da kansa, sugansa zai iya faɗuwa, sai likita ya gyara masa awon allura.

Malam: Masu taba fa?

Anti: A ajiye aƙalla mako shida kafin aiki, har da shisha, don yaran yanzu ba sa ƙirga ta. Taba tana hana ɗinki warkewa, tana kawo gyambo. Sannan a faɗa wa likita duk abin da ake sha: asfirin, allurar rage ƙiba irin Ozempic, jiƙe-jiƙe, tsimi, duk. Mutanenmu sukan ɓoye na gargajiya don kunya, alhali wasu na tsinka jini. Za a auna jini da zuciya, sau da yawa a zura kyamara ta baki a duba tumbi, a nemi ƙwayar cutar nan mai kawo olsa, H. pylori, wadda ta yi yawa a wajenmu, a kashe ta tukuna. Akan kuma haɗa mutum da likitan ƙwaƙwalwa.

Auta: Anti, ai nan za a ɓata. Wa zai yarda?

Anti: Ba hauka ake nema ba. Wani damuwa ce ke sa shi ci, in ransa ya ɓaci sai ya nufi kwano. Ranar da kwanon ya ƙi shiga, ina zai kai ɓacin ran? Gara a san wannan tun da wuri.

Malam: Na ji ana zuwa Turkiyya da Indiya da Masar, wasu Legas ko Abuja.

Anti: Ana zuwa. Abin da nake roƙo shi ne kada mutum ya hau jirgi sai ya sami likita a nan da ya yarda zai riƙa bibiyarsa, ko a asibitin koyarwa na Shika ko wani wuri. Ya dawo da takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi masa. In matsala ta taso da tsakar dare a Samaru, likitan Istanbul ba shi da abin da zai yi maka ta WhatsApp.

Auta: An yi aiki, an farka. Sai a kwanta a huta.

Anti: A ranar ma za a tashe ki ki taka. Kwanciya ce ke sa jini ya daskare a ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Kwana ɗaya zuwa uku ake yi a asibiti in komai ya tafi daidai. Haɗarin mutuwa a hannun ƙwararru kaɗan ne, kusa da na cire matsarmama. Amma mai jinya ya riƙe waɗannan: in bugun zuciya ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ciwon kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, to ɗinkin na iya yin yoyo. Ba a cewa maleriya ce a je kemis. Asibiti, a daren.

Malam: Mu zo kan abinci, don nan nake jin rigimar take.

Anti: Nan take kuwa. Kamar mako biyu na farko ruwa-ruwa kawai: romon kaza da aka tace, madara marar kitse, kindirmo da aka tsinka. Mako biyu na gaba abin da aka dame ya yi laushi, irin alale marar mai da yawa, dafaffiyar awara da aka murƙushe, kifi da aka niƙa. Sai mai taushi. Abincin gida sai wajen mako shida zuwa takwas, shi ma loma kaɗan, a tauna sosai. Furotin ake fara ci, wato abinci mai gina jiki irin ƙwai da kifi, giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, in ba haka ba tsoka ce za ta zube tare da kitsen. Ruwa kuma lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kurɓa-kurɓa duk yini, kuma a bar rabin awa tsakaninsa da abinci.

Auta: Mu da ba ma haɗiye tuwo sai da kofi a gefe.

Anti: Shi ya sa nake cewa a fara koyo tun kafin aiki. Ga zafin Zariya a watan Afrilu. Bushewar jiki na cikin manyan abubuwan da ke mayar da waɗanda aka yi wa aikin asibiti, don mutum ba zai iya kafa kai ya shanye leda biyu ya rama ba. Amma Malam, duk wannan mai sauƙi ne a kan 'yan dubiya.

Malam: Na san za ki zo nan.

Anti: Dole in zo. Gwaggo ta taso tun daga cikin birni da kular farfesun kayan ciki da funkaso. Maƙwabciya ta kawo lemun malt da madarar gwangwani, wai ƙarin jini. Wani ya yi wo fura mai kauri da suga. Duk saboda ƙauna. Su zauna su sa ki gaba, "Daure ki ci, ai ba a warkewa da yunwa." Ke kuma kunya ta hana ki ce wa gwaggo a'a. Loma uku na funkaso a mako na biyu sun isa su sa amai, amai kuma yana takura sabon ɗinki. Lemun kwalba ga iska ga suga. Mai baifas in ya sha zaƙi, cikin 'yan mintuna sai zufa, jiri, faɗuwar gaba, gudawa, don sugan ya zube cikin hanji a lokaci ɗaya.

Auta: To a hana mutane zuwa?

Anti: Wa ya isa? Zumunci ne. A samu babba ɗaya a gidan, wanda in ya yi magana ba a musu, a tafi da shi wajen likita ya ji da kunnensa. Shi zai karɓi kula ya yi godiya ya miƙa wa yara. In miji ne ko Hajiya ta ce likita ya hana, magana ta ƙare. In majinyaciya ce ta faɗa da bakinta, sai a ce ta raina abincin mutane.

Malam: Wannan gaskiya ne. Kuma mu maza, a majalisa ake cinye mu. An sayo balangu, kowa ya sa hannu, kai ka naɗe naka, sai a fara tambaya ko lafiya.

Anti: Za ma a tambaya, don cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi mutum kan sauke kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. Tsakanin wata uku zuwa shida gashi kan zube, daga baya ya dawo. Mace ta rame, gashi na zuba, kun san abin da za a ce a unguwa: ko ciwo take ɓoyewa, ko miji ya gaza, ko an yi mata asiri. Ma'aurata su yanke tun farko wa za su faɗa wa, me za su ce wa sauran.

Auta: Haihuwa fa, Anti? Na ji wasu don ita suke yi.

Anti: Da yawa da al'adarsu ta rikice saboda ƙiba, tana daidaita, ciki ya zo ba zato. Amma ana so a jira wata 12 zuwa 18, don jikin da ke zubewa ba ya ciyar da ɗa yadda ya kamata. Kuma bayan baifas ba a dogara da ƙwayar tazara ta haɗiya, hanji ba ya tsotse ta duka, a nemi ta hannu ko ta mahaifa. Nan ma sai an shigo da uwar miji, in ba haka ba ita za ta fara ƙirga watanni.

Malam: Ni azumi ne a raina.

Anti: Likitoci sukan ce a bar na shekarar farko. Wanda ke rayuwa da kurɓa-kurɓa, in ya yi awa 13 ba ruwa, daga magariba zuwa asuba ba zai cike gurbin ba.

Malam: Kuma sassaucin yana nan cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, marar lafiya ya sha ya rama a wasu kwanaki. Salla ma a zaune ta halatta in ruku'u na ja masa ciki. Mai hikima sai ya tsara aikin bayan ƙaramar salla, ya sami kusan shekara kafin wani azumin.

Anti: Dabara ce mai kyau. Sauran ƙa'idoji biyu ba su da ranar ƙarewa. Na farko, bitamin, har abada: B12, maganin ƙarin jini, kalsiyam, bitamin D, da awon jini lokaci-lokaci. A sa kuɗinsu cikin lissafi tun kafin a sayar da fili a biya tiyata. Wanda ya yi ta amai na kwanaki ya koma asibiti, don ƙarancin bitamin B1 na taɓa jijiya da ƙwaƙwalwa. Na biyu, ibuprofen da diclofenac, waɗanda kowane kemis ke haɗawa a maganin gajiya, a yi sallama da su, musamman mai baifas. Farasitamol ya wadatar sai in likita ya ce wani abu.

Auta: Ƙibar tana dawowa?

Anti: Kaɗan kan dawo wa yawancin mutane bayan shekara biyu, ba abin tashin hankali ba ne. Wanda take dawo wa sosai shi ne mai shan ƙibarsa a kofi. Tuwo zai tokare ki ki tsaya, amma kunun zaƙi da zoɓo mai suga da shayi mai kauri wucewa suke yi ba tare da tumbin ya ce uffan ba.

Auta: Malam, da kai ake. Kofi nawa ka sha tun da muka zauna?

Malam: Ni ai ba a yi mini aiki ba, Auta. Lokaci ya cinye mu, jama'a. Mako mai zuwa za mu tsaya a kan sha-ka-fashe ɗin nan, ku turo tambayoyinku. A huta lafiya.