Darasin Ingilishi: Ba Kowane Ƙarfe Ne Iron Ba

Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Yamai. Yau ƙarfe za mu taɓa, amma ba na agogo ba. Wani ɗalibina ya taɓa fassara min "ƙarfe biyu" da two irons, na yi dariya har da hawaye. Wannan two o'clock ne, mu wuce.

Mu Hausawa ƙarfe kawai muke cewa, sai mu ƙara launi: jan ƙarfe, baƙin ƙarfe. Bature kuwa rarraba su ya yi. Uwar kalmar ita ce metal. Iron na baƙin ƙarfe ne kaɗai, wanda aka koya mana a lakwal da sunan fer. Ku saurari furucin: "ayan". Mutanen Ingila ba sa furta r ɗin nan, don haka a daina cewa "iron" da lafazin Faransanci.

To, ku biyo ni kasuwar Katako. Ga mai zuba tukwane yana narka tsofaffin gwangwanayen lemo. Tukunyarsa metal ce, amma ba iron ba ce, alminiyam ce. In kuna shakka, ku kanga mata mayen ƙarfe, ba zai kama ba. Ku kanga wa ƙarfen gini, caraf zai manne. Sai dai shi ma, in za a bi ƙa'ida, steel ne, wato iron mai ɗan sinadarin kabon da bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. In kabon ya haura haka ya zama cast iron. Tsohon dutsen gugan nan na gawayi, mai nauyi kamar tsiya, da shi ake zuba shi. Ga tauri, amma ya faɗi a kan siminti sai ya tsage.

Shi kansa dutsen gugan iron ake ce masa, yin gugar kuma to iron. In likita ya ce jikinki ba iron, Hajiya, ƙarancin jini yake nufi, ba guga ba.

Hattara da steel da steal. Furucinsu ɗaya, amma na biyun sata ce. Tsatsa rust, maƙeri blacksmith, tama iron ore. Irony kuwa ba ta haɗa dangi da ƙarfe ba, daga Girkanci ta fito.

Ku maimaita bayana, sau uku: ayan. Malam mai shayi, kai ma da kai nake.