Ina ruwan zai bi? Lacca kan magudanar ruwa a tashar sola, Maradi

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu zan taɓa: ƙasa, farantan sola, hanyar ruwa, sannan takardun izini.

Ƙasa tukuna. Milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya, mita-kubik 10 ke nan. A ƙarshen Agusta 2024 garin nan ya samu wajen milimita 150 cikin ƙasa da awa biyu, kun san ambaliyar da ta biyo baya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ku ɗora wannan ruwa kan fili mai hekta 30: mita-kubik 45,000. Idan jigawa ce, za ta shanye mafi yawa. Idan geza ce, ko kuma katafila ta kankare saman ta daddale shi ya koma faƙo, fiye da rabi gudu zai yi. Mutanen Maradi ba sa bukatar a yi musu wa'azi kan wannan, ambaliyar 1945 ce ta tashe garin daga bakin gulbi zuwa tudu.

Na biyu, farantai, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Mutane suna cewa ai faranti ba siminti ba ne, ƙasa tana nan a ƙarƙashinsa, ruwa zai shige. Gaskiya ne, amma ta ina zai sauka? A nan muna kan digiri 13 da rabi, don haka ana karkata farantai wajen digiri 15 suna duban kudu, layuka kuma daga gabas zuwa yamma. Faranti biyu a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, tsawonsu ya kai mita 4 da rabi. Ruwan milimita 50 ya sauka, kowace mita ɗaya ta bakin farantin ƙasa tana zubar da fiye da lita 200. Duro guda! A ina? A kan ɗan siririn layi da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Duk wanda ya ga ramin da indararo ke yi a gindin soro ya san labarin.

Damina ta farko za ku ga ɗan zane a ƙasa, kowa ya ce ba komai. Idan filin ya gangara kudu, da sauƙi, ruwan zai bazu. Idan ya gangara gabas ko yamma, wato tare da layin, zanen nan ya zama hanya. Layi ya zuba wa layi, a ƙarshen fili zaizaya ta buɗe baki. Damina ta uku ƙafafun ƙarfe sun fara fitowa tsirara, teburin da ke ɗauke da farantai ya karkace, gilashi ya tsage, sai a ce kayan ne ba su da kyau. Kayan ba su da laifi.

Maganin ba tsada gare shi ba. A bar tazarar santimita 2 tsakanin faranti na sama da na ƙasa, ruwan ya rabu biyu. A shimfiɗa tsakuwa faɗin rabin mita daidai inda yake ɗiga, ba inda zanen injiniya ya nuna ba. A zuba ruwa da bokiti a gani. Sannan ciyawa. Na ce ciyawa! Injiniya ya fi son fili fes don hoton ranar buɗewa, gwamna ya zo ya yanke kirtani, ruwa kuma ya zo ya yanke sauran. (dariya) A bar gajeriyar ciyawa ƙarƙashin farantai, a riƙa yanke ta kafin ta bushe saboda gobara. Gamba da jema a kai su bakin shinge, don gamba tana wuce mita biyu, za ta yi wa farantai inuwa. Inda gangara ta yi yawa, jerin duwatsu a gicciye, irin wanda manomanmu suka iya tun kafin a zo da sola. Na manta ramin wayar lantarki: in ba a mayar da ƙasar kashi-kashi ba, santimita 20 a daddale, a ƙara 20 a daddale, ruwa zai bi ramin ya tono wayar.

Na uku... a'a, lokaci ya tafi, mu haɗa sauran. Lambatu a gefen sama ya tare ruwan da ke shigowa, kwalbati a kowace mahadar hanya, a yashe yashi cikin Mayu, tafkin tara ruwa a kusurwar gangare mai mafita da aka ɗaure da duwatsu cikin raga. Takardu kuma: dokar Nijar mai lamba 2018-28 ta wajabta binciken tasiri kan muhalli, hukumar ƙasa mai tantance irin wannan bincike, BNEE, ke dubawa, ministan muhalli ya ba da takardar shaida. Tare da ita akwai tsarin kula da muhalli, PGES, kuma abin da ka rubuta a ciki shi za a auna ka da shi. Ka ce tafki biyu ka haƙa ɗaya, ka saɓa. Gawo kuma ba a sare shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Baba, na ga hannunka.

Tambaya: Malam, in ruwan tashar solar ya fito ya cinye mini hatsi, wa zan kama?

Baba, kamfanin ne, ko da ɗan kwangila ya yi aikin ya tafi. Ƙa'idar ita ce kada ruwan da ke fita daga filin ya fi na da ƙarfi, kuma kada a canza masa mafita zuwa gonar wani. Ka sa yaro ya ɗauki hoton iyakar gonarka tun kafin su fara aiki, ya sake ɗauka washegarin ruwan. Ka sanar da mai gari, a kira kwamitin filaye na ƙauye, Cofob, su auna ɓarnar hatsin yana tsaye, kada ka jira girbi. Ka kai kuka a rubuce wurin kamfanin, su buga maka hatimi a kwafinka, ka kai wani kwafin ofishin magajin gari da na muhalli. Yashin da ya rufe gonar ma a auna zurfinsa da sanda a rubuta, don diyyar hatsin bana daban, ta gyaran gona daban.