Hawan Jini, Baƙon Da Ba Ya Sallama

Dubi mai lambun nan na bakin madatsar Ajiwa da ke jihar Katsina. Ya tada injin ban ruwa, ya danne bakin tiyo da babban yatsa. Ka ga yadda ruwan ke feshi da ƙarfi, tiyon na kumbura? To, haka jijiyar jini take in ta ƙuntace ko ta yi tauri. Zuciya ta yi ta turi, ba dare ba rana, shekara da shekaru.

In ma'aikaciyar asibiti ta ɗaura maka abin awo a damtse, lamba biyu za ta faɗa maka. Ta sama, ƙarfin jini ne sa'ad da zuciya ta buga. Ta ƙasa, sa'ad da ta saki. 120 bisa 80 lafiya lau. In aka auna a ranaku biyu daban aka sami 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ke nan.

"Ai ni ko ciwon kai ba na yi." Mun sha jin wannan a majalisa. Baba, yawancin masu shi ba sa jin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, alhali yana can yana cin ƙoda, yana kumbura zuciya, yana dusashe gani. Wata safiya mutum ya tashi alwala, buta ta suɓuce, baki ya karkace, a ce iska ce ta buge shi. Jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Wannan ba na turare ba ne. A nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibiti, a take.

Gishiri kuwa, ƙasa da giram 5 a yini, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi guda. Uwargida, har da dunƙulen da kika marmasa a miyar kuka, da yajin tsiren dare. Mai ciki kuma, in ƙafa da fuska sun kumbura, kai na sara, kada ki jira ranar awo. Daga nan jijjiga ke farawa.

Sai maganar da ta fi kayar da mutane: an fara shan ƙwaya, wata biyu awo ya yi kyau, sai a jefa sauran a bayan kabad. Maganin ne ya saukar da jinin, ba warkewa aka yi ba. Ana dainawa, yatsa ya koma bakin tiyo.