Kuskure na gani a takardun Python 3.13, me ya sa aka ce in gyara a wani reshe?

(Hoto: shafin docs.python.org, linzami ya buɗe jerin sigogi a saman shafi)

Jama'a, ku kalli wannan ɗan akwatin da ke sama a shafin takardun Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta. 3.14, 3.13, 3.12, har can ƙasa 2.7 wadda aka daina kula da ita tun 1 ga Janairu 2020. Kowace lamba siga ce ta Python, takardar bayaninta daban, reshenta ma daban, wato nata kwafin fayilolin aikin. Tambayar da ta cika min saƙo a makon nan daga nan ta taso: mutum ya ga kuskure a shafin 3.13, ya gyara a reshen 3.13, ya tura, sai aka ce masa ya koma babban reshe. Ya ce to ni ina ruwana da babban reshe?

Bari mu wuce da sauri a kan abin da kowa ya iya.

(Hoto: GitHub, tagar buga umarni, umarni na gudu)

Fayilolin Python suna GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja, tun 2017. Ka kwafo ma'ajiyar cpython, ka shiga jakar Doc. Rubutun a tsarin reStructuredText yake, Sphinx ke mayar da shi shafukan intanet, shi ma Sphinx ɗin Georg Brandl ya ƙirƙire shi ne saboda waɗannan takardun a 2008. Ka buga make html, ka duba gyaranka da idonka. Ka sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa, sau ɗaya ne kawai. Shi ke nan. Yanzu ga inda ake tuntuɓe.

(Hoto: zanen bishiya, kututture ɗaya, rassa na fita)

Wannan kututturen shi ne main, wato babban reshen. Duk watan Oktoba sabuwar siga ke fitowa, kuma daga jikinsa ake yanko reshenta. A ƙarshen 2025, 3.14 ta fita, abin da ke cikin main kuwa shi ne zai zama 3.15. Ku lura da kibiyar nan: reshe daga kututture yake fita, ba ya komawa. Idan ka gyara kuskuren a 3.13 kaɗai, ka gyara wa masu 3.13, amma 3.14 tana nan da shi, 3.15 ma za a haife ta da shi.

Kamar mai buga bulo ne da ƙarfen bugunsa ya karkace. Ka zauna ka kankare bulo ɗaya har ya miƙe, sannu da aiki, amma na gobe ma a karkace zai fito.

Don haka ƙa'idar ita ce a fara da main. Idan an duba an amince, sai wani daga cikin masu kula da aikin ya manna wa gyaranka tambari, kun gan shi a allo: needs backport to 3.14, needs backport to 3.13. Ma'ana a kai shi baya zuwa waɗannan sigogin. Da zarar an haɗe gyaran, wani bot, wato manhaja mai aiki da kanta, mai suna miss-islington, e, sunansa ke nan, ba ni na raɗa masa ba, sai ya ɗauki gyaran ya buɗe sabuwar buƙatar haɗe gyara a kowane reshe, da lambar sigar a farkon takenta. Kai kana can kana shan shayi.

Wani lokaci bot ɗin ya kasa, saboda layin da ka taɓa ya riga ya sauya tsakanin sigogin biyu. Zai bar maka saƙo, sai ka yi da hannu da cherry_picker, manhajar kai gyara zuwa wani reshe, ka warware saɓanin layi-layi. A ganina nan ne mutum ke fara sanin aikin da gaske.

(Hoto: shafin str.removeprefix, an zagaye ɗan rubutun da ke ƙasa)

To amma ba kowane gyara ake kaiwa baya ba, kuma nan ma ana ruɗewa. Dubi wannan umarni na removeprefix: an rubuta cewa an ƙara shi a 3.9. A cikin fayil ɗin versionadded ake sa wa, idan kuma hali ne ya sauya, versionchanged. Bayanin sabon abu a main yake tsayawa da wannan alamar. Kai shi baya, ka sa mai tsohuwar siga ya kwana yana neman abin da babu a kwamfutarsa, yana zargin kansa.

Akwai kuma akasin haka. Wasu sassan Python cire su ake yi: an cire distutils a 3.12, an cire cgi a 3.13. Shafukansu na ainihi babu su a main, don haka in akwai abin gyara, a tsohon reshen kaɗai zai yiwu.

In ma reshen yana karɓa ke nan. Kowace siga shekara 5 take yi. Daga 3.13, shekara 2 na farko ana gyara kurakurai, a sigogin da suka gabace ta wata 18 ne. Sauran lokacin sai matsalar tsaro kawai. Saboda haka waƙafin da ya ɓace a shafin 3.10, ka yi haƙuri, da wuya wani ya buɗe maka ƙofa.

(Hoto: komawa akwatin sigogi, linzami ya danna ta can sama)

Kafin ka taɓa komai, sauya akwatin nan zuwa sigar da ake kan ginawa, ka karanta sakin layin. Kana iya tarar da wani ya riga ka gyarawa tun watan jiya, tambarin kawai ba a manna ba. In haka ne, ka rubuta a ƙarƙashin gyaran nasa cewa 3.13 ma tana buƙata.