Tim Bowden, Ɗan Rediyon da Ya Yi Suna da Kunne

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Sharhinmu na yau a kan wani abokin sana'armu ne, ko da yake ƙasarsa tana can nesa, kuma da wuya a samu wanda ya taɓa jin muryarsa a cikinku. Sunansa Tim Bowden, mutumin Ostireliya, wanda ya rasu ranar 1 ga Satumba, 2024, yana da shekara 87. Mu 'yan rediyo da baki aka san mu, da shi muke neman abinci. Shi kuwa wannan bawan Allah, babban aikin da ya bar wa ƙasarsa da kunne ya yi shi.

An haife shi a 1937 a Hobart, babban birnin tsibirin Tasmaniya da ke kudancin ƙasar. Ya fara da aikin jarida a garinsu, ya tafi Landan ya ɗan taɓa aiki da BBC, sannan ya koma gida ya shiga gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wato ABC, a 1963. Suka tura shi Singafo a matsayin wakili, daga can ya riƙa shiga Biyetnam ana tsakiyar yaƙi, daga baya kuma aka mayar da shi New York. A 1969 shi aka fara ɗora wa nauyin shirin labaran yamma mai suna PM, wanda har yau ake gabatarwa. Wani da ya kai nan sai ya miƙe ƙafa ya jira kujerar darakta. Bowden sai ya ɗauki rikoda ya bi tsofaffi gida gida.

Babban aikinsa na farko a wannan fanni na tarihin baka shi ne shiri mai kashi 24 a kan mulkin da Ostireliya ta yi wa Papuwa Niyu Gini, ƙasar da ta samu 'yanci a 1975. An sa wa shirin suna Taim Bilong Masta, da harshen mutanen can, ma'ana zamanin maigida, abin da mu za mu kira zamanin Bature. Ya zauna da jami'an da suka riƙa rangadi cikin duwatsu da dazuzzuka, irin su Di'o a wajenmu, ya zauna da 'yan mishan, da masu haƙar zinariya, da matansu, da kuma 'yan ƙasar da aka mulka. Bai yi aikin shi kaɗai ba. Ya haɗa kai da wani malamin tarihi na jami'a a Kanbera, Hank Nelson, kuma a ganina wannan dabara ce ta mai hankali. Tsoho yakan manta shekara, yakan haɗa labari biyu su zama ɗaya, wani lokaci ma yakan gyara labarin don ya fita kunya. Sai an samu mai bin takardu yana auna maganar, sannan mai rikoda ya san abin da zai watsa.

Aikin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne na fursunonin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Singafo ta faɗa hannun Japan ranar 15 ga Fabrairu, 1942, da sauran wuraren da suka biyo baya, 'yan Ostireliya kimanin 22,000 ne suka shiga hannu. Wajen 8,000 daga cikinsu ba su koma gida ba. Yunwa ta kashe wasu, kwalara da zazzaɓin cizon sauro suka kwashe wasu, wasu kuma duka da aikin tilas na shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 415 tsakanin Tailan da Bama. Waɗanda suka tsira sun koma gida sun yi aure, sun kama sana'a, da yawansu suka ja bakinsu suka yi gum. Akwai wanda matarsa da 'ya'yansa ba su taɓa jin abin da ya same shi ba.

Bayan shekara kusan arba'in sai ga Bowden da makirufo a ƙofar gidajensu. Ya yi hira da sama da mutum ɗari, maza da mata ma'aikatan jinya na soja, shirin ya fita a 1984 cikin kashi 16. Duk wanda ya taɓa zama gaban wanda ya ga bala'i ya san inda wuyar take. Mutum zai fara magana, ya kai wani wuri murya ta sarƙe, ya yi shiru yana kallon ƙasa. Sabon ɗan jarida sai ya ji shirun ya dame shi, ya yi wuf ya jefa wata tambaya, shi ke nan ya rufe ƙofar da ta fara buɗewa. Gwani kuwa barin faifai yake yi ya ci gaba da juyawa, domin sau tari maganar da ta fi kowace nauyi bayan shirun take fitowa.

Ku tuna kuma zamanin ba na kwamfuta ba ne. Tace murya da reza ake yi. Ka ɗora zaren faifai a kan na'ura, ka riƙa juya shi da hannu gaba da baya har ka ji daidai inda kalma ta ƙare, ka sa alama da fensir, ka yanke, ka liƙa da gam. Guntun da ka cire sai ka rataya a wuya ko ka manna a gefen tebur, ko za a sake nemansa. Waɗanda muka tarar a gidajen rediyonmu haka suka yi aiki, yatsunsu duk tabon reza. Ta wannan hanya Bowden ya riƙa jera muryoyi, wannan ya fara labari, wancan ya karɓa, na uku ya ƙarasa, kai ka ce a tabarma ɗaya suke zaune, alhali garuruwansu ma daban daban ne.

Cikin tsofaffin sojojin nan akwai George Aspinall, wanda ya shiga soja yana matashi da 'yar kyamararsa ta Kodak. Ya ɓoye ta, ya riƙa ɗaukar hotuna a asirce a sansanin fursunoni na Changi da ke Singafo da kuma kan layin dogo, abin da in an kama shi zai iya rasa ransa. Da fim ya ƙare masa, sai ya koma yanka fim ɗin hoton ƙashi na asibiti yana amfani da shi. Akwai hoto ɗaya da ba ya fita a ran wanda ya gan shi: maza uku a tsaye gaban bukka, haƙarƙari duk a waje, ɗaya cikinsa ya kumbura saboda rashin abinci mai gina jiki har wandonsa ya ƙi ɗauruwa. Waɗannan su ne aka ce lafiyarsu ƙalau, su fita aiki. Bowden ya haɗa hotunan da bayanin mai su ya fitar da littafi a 1984.

Wannan yaƙin fa bai bar mu a baya ba. Dubban sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, sun yaƙi Japan a dazuzzukan Bama ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82. Ina yaro akwai wani dattijo a unguwarmu da ake ce wa ya je Bama. Yakan zauna a dakali da yamma da tsohuwar rigar soja, mu wuce mu gaishe shi mu tafi ƙwallo. Har na girma na riƙe rikoda yana raye, ban taɓa zama na ce, "Baba, yaya aka yi?" ba. Allah ya ji ƙansa, ya tafi da labarinsa, kuma abin yana damuna har yau.

A 1985 Bowden ya kafa sashe na musamman a ABC don tattara tarihin jama'a daga bakinsu. A shekarar ce kuma aka kashe abokinsa Neil Davis, shi ma ɗan Tasmaniya, mai ɗaukar hoton yaƙi wanda ya ɗauki tankar sojojin Biyetnam ta Arewa tana kutsawa ƙofar fadar shugaban ƙasa a Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a 1975. Mutumin da ya tsallake shekaru yana bakin daga, sai ga shi ajali ya same shi a titin Bankok, babban birnin Tailan, a wani yunƙurin juyin mulki da bai kai ko'ina ba, kyamararsa na ƙasa tana ci gaba da ɗauka. Da ma Bowden ya riga ya naɗi doguwar hira da shi don rubuta tarihinsa. Da muryar mamacin ya gina littafin, ya fito a 1987, kuma shi ne ya fi shahara cikin littattafansa.

Yawancin mutanen ƙasarsa sun fi sanin fuskarsa ne ta wani ɗan gajeren shirin talabijin, Backchat, da ya gabatar daga 1986 zuwa 1994, inda ake karanto wasiƙun masu kallo, na yabo da na ƙorafi a kan gidan da yake wa aiki. Mu da muka taso da shirin amsa wasiƙun masu saurare mun san daɗin irin wannan. Ya kuma je yankin ƙanƙara na Antatika, ya rubuta tarihin shekara hamsin na zaman 'yan ƙasarsa a can, daga 1947 zuwa 1997. Mahaifinsa ma bai bar shi ba, ya zaunar da shi gaban rikoda ya mayar da hirar littafi. Gwamnati ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a 1994.

Fursunonin nan dai ba su fita ransa ba. A 2014, yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya koma kan hirarrakin da ya yi shekara talatin baya, ya fitar da littafi a kan waɗanda aka tsare a kurkukun Outram Road a Singafo. Can ake kai wanda ya yi yunƙurin gudu ko aka kama shi da rediyo a ɓoye, a sa shi zaman dirshan yana fuskantar bango tun safe har dare, an hana shi magana da kowa. Lokacin da littafin ya fito, akasarin masu labarin sun riga sun kwanta dama, amma abin da kowannensu ya faɗa yana nan a faifai, da tarinsa, da dariyarsa, da inda ya yi shiru.

Sharhin ke nan, a huta lafiya.