Takarda Mai Hatimi: Yadda Unguwa Za Ta Bi Sawun Aikin Da Aka Yi Watsi Da Shi

Ku dubi wannan gini. Ajujuwa biyu ne, an kai bulo har linta, sai ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Damina uku ta wuce a kansa, tafasa ta tsiro a inda ya kamata yara su zauna. Da wuya a sami unguwar da ba ta da irinsa: ko rijiyar burtsatse da ba ta taɓa kawo ruwa ba, ko asibitin sha-ka-tafi da awaki ke kwana a barandarsa.

Idan rai ya ɓaci, abin da ke fara faɗo wa mutum shi ne a fita titi. Taruwa cikin lumana haƙƙi ne, sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya tabbatar da shi. Amma duk wanda ya ga zanga-zangar Agustan 2024 a Kano ya san yadda ɓata-gari ke kutsawa, a fasa shaguna, a sa dokar hana fita, a rasa rayuka. Ƙura ta lafa, ginin nan kuma yana nan ba rufi.

Akwai wata hanyar, kuma an gwada ta. A 2010 gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu. Aka share wasu ƙauyuka, aka bar Bagega ta ƙaramar hukumar Anka, domin kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ba su fito ba. Likitoci kuwa ba su iya fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, tunda yaron da aka yi wa magani cikinta zai koma. A 2012 ɗan gwagwarmaya Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka ɗauki hotuna da bayanai daga garin, suka yi ta tambayar hukumomi abu guda: ina kuɗin? A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka fara aikin.

To, ta yaya unguwarku za ta yi haka?

Ku zaɓi aiki ɗaya tak. Kwamitin da ya ɗauko ruwa da wuta da tsaro da tsadar masara a zama guda, ba inda zai kai. Mutum biyar zuwa bakwai sun isa, a ciki a sami mace, da dattijo da ake jin maganarsa, da magini ko wanda ya san aikin gini. Ku sanar da mai unguwa tun farko, kada ya ji a bakin wani.

Sai ku nemo aikin a kasafin kuɗi. Na tarayya yana shafin intanet na Ofishin Kasafin Kuɗi, shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT kuma yana jera ayyukan mazaɓu, wato waɗanda 'yan majalisa ke sakawa a kasafi domin yankunansu. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ayyukan mazaɓu sau da yawa ana cusa su ne a ƙarƙashin hukumar da ba ta da alaƙa da su, sai ka ga fitilun titi a kasafin wata kwalejin noma da ke wata jiha. Hukumar da sunanta ke jikin aikin ita za ku rubuta wa, ba ofishin ɗan majalisa ba.

Yanzu takardar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman bayani daga hukumar gwamnati, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Wanda bai iya rubutu ba, wani zai iya nema a madadinsa. Kada ku rubuta "muna neman bayani kan aikin makarantarmu". Za a ba ku amsa mai harshen damo. Ku tambayi sunan kamfanin da aka ba kwangilar, ranar da aka bayar, jimillar kuɗin, nawa aka riga aka biya, da kwafin takardar da ta lissafa kayan aikin. Tambayar nawa aka biya ita ce ƙashin bayan maganar, domin sa aiki a kasafi daban, sakin kuɗi daban. Wani lokaci ɗan kwangilar ma bin bashi yake.

Ku kai kwafi biyu. A karɓi ɗaya, a buga muku hatimi da kwanan wata da sa hannu a ɗayan. Kada ku baro ofishin sai da shi. Daga ranar, hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan bayanan suna da yawa. In ta yi shiru, doka ta ɗauka ta hana, kuna da kwana 30 ku kai ƙara kotu. Kuɗin da hukumar za ta caje ku kan bayanan bai wuce na yin kwafi ba.

Idan takardar kayan aiki ta zo, ku je wurin da magininku da tef ɗin awo. An rubuta tagogi takwas, nawa aka sa? An ce kwano mai kauri kaza, wane aka buga? Ku ɗauki hoto mai kwanan wata, ku rubuta abin da ido ya gani kawai. Sannan ku miƙa kwafi ga hukumar, da kansila, da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu, ta kuma sha mayar da 'yan kwangila bakin aiki. Gidan rediyo ya zo a ƙarshe, bayan hujja ta cika.

Abubuwa biyu ke kashe irin wannan yunƙuri. Na farko siyasa: da zarar an ga hular wata jam'iyya a kan kwamitin, sai a ce 'yan adawa ne, a rufe ƙofa. Na biyu, a keɓe shugaban kwamiti a ba shi na goro. Shi ya sa ba a zuwa ofis ko ganawa da ɗan kwangila sai mutum uku, kuma a karanta wa jama'a duk abin da aka tattauna a taron unguwa na gaba. Takardar mai hatimi kuma a yi mata kwafi uku, a ajiye a gidaje uku daban.