Littattafai Biyu-Biyu: Abin da Nake Karantawa a Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau zancen littattafai za mu yi, kuma ina so in nuna muku yadda nake karatu tun bara. Ba na ɗaukar littafi shi kaɗai. In na ɗauki ƙagaggen labari, sai in nemo masa abokin tafiya, littafin da ke ba da labarin abin da ya faru da gaske a kan maganar nan guda. Na farkon ya sa ka ji abin a jikinka, na biyun ya nuna maka inda abin ya samo tushe.

Wanda ke hannuna yanzu na 'yar ƙasarmu ne, Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa. Da Faransanci ta rubuta shi. Ya fara fitowa a 2017 da suna Munyal, aka sake buga shi a Faransa a 2020 da suna Les Impatientes, kuma a shekarar ya ci kyautar Goncourt wadda ɗaliban sakandare ke zaɓa. Duk wanda ya zauna a arewacin Kamaru ya san munyal, haƙuri ke nan da Fillanci. Mata uku ne ke magana a ciki, Ramla da Hindu da Safira, kowacce da bakinta. Biyu an yi musu auren dole, ta ukun uwargida ce da aka yi wa kishiya. Kowacce ta kai kuka gida, amsa ɗaya take samu: ki yi haƙuri. Wallahi akwai wurin da na ajiye littafin na daɗe ban koma ba, domin muryar da na ji irin ta gidajenmu ce. Wasu sun ce ta tona asirin gida a gaban baƙi. Ni ban yarda da su ba. Abin da ake faɗa a ɗakin amarya kowace rana ba asiri ba ne, kuma iyaye maza sun fi kowa bukatar karanta shi.

Abokin tafiyarsa shi ne labarin Baba ta Karo, wata Bahaushiya da ta yi rayuwarta a ƙasar Kano da ta Zazzau. A 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta tarihin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954, daga baya kuma ya fito da Hausar da ta faɗe shi. Baba ta ga zamanin hare-haren kamun bayi, ta ga zuwan Turawa, ta yi aure sau huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙe 'ya'yan dangi. In ka karanta su tare, za ka ga abin da ya canja a zaman aure cikin shekara ɗari da abin da bai motsa ba. Kuma za ka yi mamakin yadda tsohuwar take maganar fita daga auren da ba ta so, ba tare da kame-kame ba.

Sai biyu na gaba, waɗannan na masu son tarihi ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ne daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933, gasar da ta fitar da Ruwan Bagaja. Ɗan ƙaramin littafi ne, dare biyu ka gama. Yaro aka sace, ya ƙare a ƙasar Larabawa, uwarsa ta bi sahara tana nemansa. Haɗa shi da aikin Eldridge Mohammadou, masanin tarihi ɗan Garwa da ya rasu a 2004. Shi ne ya bi fadodin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, yana rubuta abin da dattawa suka riƙe a ka, ya fitar da tarihin Marwa, da na Rai Buba, da na Garwa.

Na san abin da wasunku za su ce: mu da Faransanci muka yi makaranta, Hausa a baki kawai muke da ita. To saurara, ɗan'uwa. Inda ka saba ganin "ou", a Hausar boko "u" ne. "Tch" ya zama "c", kamar a Cadi. "Ch" ya zama "sh", "dj" ya zama "j". Haruffa masu ƙugiya irin ɓ da ɗ, in ka taɓa ganin rubutun Fillanci ka riga ka san su, ƙ ce kawai baƙuwa. Ka riƙa karantawa da ƙarfi, kunnenka zai gyara maka abin da ido ya kasa.

Littattafan Hausar kuwa, ka ba wa mai zuwa Yola ko Kano saƙo ya taho maka da su. In ka samu Shaihu Umar, fara da shi bayan sallar isha'i, yara na zaune suna ji.